Ruwan da Hajiya ta ba Ummi

Ni ce ke tsayawa kowace Talata a ɗakin awo ina ce wa mata, "Nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a bayar." To, 'yar uwa, yau bari in tona wa kaina asiri: 'yata ta fari ta sha ruwa tana da kwana 9 a duniya, kuma a gabana aka ba ta.

Watan Afrilu ne, gari kamar gidan burodi, ga babu wuta. Na fito daga wankan jego, sai na tarar da surukata ta ɗora Ummi a cinya tana ɗiga mata ruwa da ƙaramin cokali. Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, ai nonon ya ishe ta." Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ke 'yar nan, ke da kike babba kina iya wuni ba ruwa a wannan zafin? Tara na raina." Na yi shiru. Kin san kunyar ɗan fari, ina ni ina jayayya da uwar miji a kan jaririya?

Tun ranar na daina yi wa matan awo kallon masu taurin kai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 ne kawai cikin 100 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla a Najeriya. Amma in kin tambayi matan da ke zuwa wurinmu, yawancinsu za su karanto miki darasin tiryan-tiryan. Sun san a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, sun san ba a matse dakashi a zubar, domin shi ne rigakafin farko. Sani suke da shi, iko ne babu.

Abin da na kasa faɗa wa Hajiya shi ne, kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, in ruwa ya cika shi sai ya rage tsotso, in tsotso ya ragu nono ya ja baya. Ga kuma gudawa, wadda ruwan randa ke kawowa. Ummi ta yi ta kwana 3, ni kuwa ban runtsa ba.

Inda zuciyata ta fi karaya shi ne bayan wata 6. An taɓa kawo mana yaro ɗan wata 11, na zagaya ma'auni a damtsensa ya faɗa kan ja, ƙasa da santimita 11.5. Tamowa ce mai tsanani. Uwar ta rantse yana ci, kuma ba ƙarya ta yi ba: koko tsululu sau uku a rana, ruwa ya fi gari yawa. Tana da kaji a gida, amma ƙwai na sayarwa ne, kuma an ce mata yana sa yaro sata. Na koya mata ta soya gero da waken suya da gyaɗa, a niƙa tare, ta dama da kaurin da ba zai zube daga cokali ba, ta sa ɗan manja ko garin zogale, ta ba shi sau 3 zuwa 4 a kwanonsa shi kaɗai, nono kuma har shekara 2. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Sista, kin san nawa kwanon waken suya yanzu?" Na sani, don ni ma a kasuwar nake saye.

Da na samu ciki na biyu, ban sake gwada bakina ba. Maigida na tura, shi ya lallaɓo Hajiya ta raka ni awo, na haɗa ta da wata tsohuwar ungozoma sa'arta. Sun fi rabin awa suna hira, har da dariya. A hanyar gida ta ce, "To, na ji na ruwa. Amma bauri fa?"

Yanzu duk mai jegon da ta zauna a gabana, kafin in buɗe katinta nakan tambaye ta wa ke riƙe mata yaron in ta shiga wanka. In ta ce kaka ce, sai in ce ta zo mini da ita mako mai zuwa.