Baƙon da zai zo Maiurno, wa zai tarbe shi?

'Yan'uwa na Jazira da Sinnar da Nilul Azraƙ. Ga abin da nake so mu duba.

A 'yan shekarun nan masu bincike sun yawaita rubutu a kan abin da ake kira siyaha mustadama da Larabci, wato yawon buɗe ido wanda ba ya lalata wurin da aka zo gani, kuma ba ya barin masu wurin hannu rabbana. Suna haɗa shi da maganar "gari mai wayo": garin da baƙo zai shiga da waya a hannu, ta nuna masa hanya, ta karanta masa tarihin wuri, ta samo masa masauki, ya biya ta cikinta. Na san wani zai ce wannan zancen ƙoshi ne, ga mutanen da yaƙi ya ɗaiɗaita tun Afrilun 2023. Ni kuwa ina ganin yanzu ne lokacinsa, domin ranar da aka fara tsara sake gina ƙasa, wanda ya zo da takardarsa a shirye shi za a saurara.

Muna da abin da ake zuwa gani. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira zuwa gabas, har suka zauna a bakin wannan kogi, kudu da Sinnar, garin ya ɗauki sunansa. Kafinsu da bayansu akwai mahajjatan ƙasa, waɗanda suka bi ta Jinaina da Fashir da Ubayyid, wasu suka kai Sawakin suka haye teku, wasu guzuri ya ƙare suka tsaya. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, kakanninmu suna cikin waɗanda suka tsinci audugar. Agashe da ake ci a kowace kasuwa ta Sudan daga tukubarmu ya fito.

Aikina shi ne rubuta wa dattijonmu wasiƙa da ajiye littafin baƙi, saboda haka na san irin masu zuwa. Ba Turawa masu kyamara ba ne. Ɗalibai ne daga Kano da Sakkwato da suka zo karatu Hartum ko Madani, da malamai masu neman silsilar ijaza, da mutumin da aka gaya masa ƙanen kakansa ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba. Irin wannan baƙo yakan zauna a zaure kwana uku, a aika a kira masa tsoho ɗaya wanda ya riƙe sunaye. Tsofaffin da nake aikawa a kira, yawancinsu yau suna kabari. Wasu sun rasu a gudun hijira, nesa da akwatunan takardunsu.

A 2017 aka naɗa Sinnar babban birnin al'adun Musulunci. An ɗaukaka daular Funj, wadda ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821, kuma ta cancanta. Tarihinmu yana nan kusa, amma yana cikin ƙirjin mutane, babu shi a allo ko taswira da baƙo zai bi. Abin ya wuce maganar kuɗin masauki. Wanda ya ga abin da ya faru a Damazin da Rusairis a Yulin 2022 ya san abin da kalmar "baƙi" ke jawowa ga mutanen da suka haura shekara ɗari a wuri. Idan wani ne ya rubuta bayanin da waya za ta karanta wa mai ziyara, da sunan da ya ga dama zai kira mu.

Ban yarda a jingina komai ga intanet ba. Mun ga yadda aka yanke layuka a Fabrairun 2024, mutane suka koma layin Starlink don su karɓi kuɗi ta Bankak. Amma wayar da ke aljihun kowane yaro tana ɗaukar murya ko babu layi. A zaunar da tsoho, ya faɗi daga wane gari kakansa ya taso, ta ina ya bi, wa ya ba shi fili. A ɗauki hoton ijazoji da wasiƙun ajami da takardun gona, a ajiye kwafi a gida uku, ɗaya a wajen jiha. Mai yi wa baƙo jagora ya zama ɗanmu, abin da aka samu kuma wani kaso ya shiga asusun makarantar allo da rijiya, a karanta lissafinsa a gaban jama'a.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye ba: 'yan'uwanmu na kambo a Jazira, da yawansu ba su da takardar filin da suke kwana a kai. Ba a gina masaukin baƙi a ƙasar da za a iya tayar da kai gobe. Duk mai binciken da ya zo mana da maganar raya gari, wannan tambaya za mu fara ajiye masa a tabarma.

A ƙauyenmu mun fara da tsofaffi huɗu, maza biyu mata biyu, bayan sallar la'asar. Ƙauyen da ke son takardar tambayoyin da muke bi, dattijonsu ya aiko, zan kwafa masa da Hausa da Larabci.