Cin rani a ƙasar da sanyi ke yin wata biyar

 

Kowace shekara, da an yanke gero an ɗaure dammuna, maganar tafiya Aljeriya takan taso a wurin zubi. Ba a faɗinta da ƙarfi. Mace za ta nemi rance ta ce jari za ta ƙara, alhali duk wadda ke kan tabarmar ta san jarin nan kuɗin mota ne. Daga Kurni zuwa Tsauni, daga Dungu zuwa Ɗan Barto, da wuya a sami asusun da babu wadda ta taɓa zuwa ko take da ƴar uwa a can. Labarin hanya kowa ta ji shi, kayan da ake dawowa da su ma kowa ta gani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne zaman kansa, musamman zaman sanyi: yadda wuni ke wucewa, da yadda dare ke ƙin ƙarewa. Mu da muka yi sanyi biyu a can, ɗaya a Tamanrasat ɗaya a Alje babban birni, muka ga ya kamata mu rubuta shi, don mai lissafin tafiya ta sa shi cikin lissafinta.

Hanya ba za mu daɗe a kanta ba. Damagaram, Tanut, Agadas, Arlit, Asamaka, sai a tsallaka iyaka zuwa Ingizam, daga nan kilomita wajen 400 zuwa Tamanrasat. A kan hanyar nan ne cikin watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 na mutanen da motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, kuma galibinsu ƴan ƙasar Kance ne. Allah ya jiƙan su. Gidajen da suka yi wannan zaman makoki muna gaisawa da su har gobe.

Taman, kamar yadda kowa ke kiranta, gari ne a kan tudu, cikin duwatsun Hoggar, tsayinsa daga teku ya kusa mita 1,400. Wannan tudun shi ke kawo sanyinta. Da rana ba laifi, akwai hantsi mai daɗi, mace takan fito bakin ƙofa ta sha shi kamar a gida. Amma rana na faɗuwa sai sanyi ya sauko daga dutse kamar an buɗe masa ƙofa, ruwan da ya kwana a bokiti kuwa sai an yi ta maza kafin a sa hannu a ciki da asuba. Duk da haka Taman ba ta da baƙunta sosai. A unguwanni irin su Gat el Wad da Tahaggart za ki ji Hausa a bakin titi, a kasuwa ki yi ciniki da Hausa, Buzayen garin ma da yawa suna ji. Gasasshen naman da garin ke alfahari da shi, wanda baƙi daga arewa ke nema in sun zo, sunansa ma mainama. Ranar da muka fara ji mun yi dariya har da riƙe ciki. Ashe mai nama namu ne ya riga mu zuwa, har sunansa ya zama sunan abinci.

Sanyin gaske yana arewa, can bakin teku, kilomita kusan 2,000 daga Taman. A nan ne mutum ke gane cewa abin da muke kira hunturu a Matamaye wasa ne. Namu busasshe ne, ya fasa leɓe da kaushi, ƙarfe goma na safe an tuɓe rigar sanyi an tafi lambun rake. Nasu jiƙaƙƙe ne, don su daminarsu cikin sanyi take faɗowa. Daga Nuwamba har Maris ruwa ne da iska. Akan yi kwana uku, huɗu ba a ga rana ba. A watan Disamba ranar ma ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kafin 6 na yamma ta faɗi. Ki wanke zane ki shanya, bayan kwana biyu yana nan da danshinsa, har ya fara wari. Bango yana gumi, tabarma tana gumi. A garuruwan tudu kamar Setif har dusar ƙanƙara ke sauka ta rufe hanya. Yaranmu suna ganinta a talabijin suna murna, mu muna duban ƙafafunsu cikin silifas.

Masu ɗan hali sukan haɗu shida, takwas, su kama ɗaki ɗaya. Waɗansu suna cikin ginin da ba a gama ba, babu ƙyaure babu taga, an toshe da kwali da leda. Akwai kuma na ƙarƙashin gada. Aikin da ake samu aikatau ne da wanki da wanke-wanke, sai kuma bara, tun da mu ya mu ne ba sai mun sakaya ba. To ga inda lissafi ke karyewa: ranar ruwa ba fita. Mai bara ba ta iya zama bakin masallaci da goyo cikin ruwa, mai aikatau in ta yi mura kwana uku an sa wata. Amma mai ɗaki ba ruwansa da ruwan sama, wata na ƙarewa yana bakin ƙofa. Gaz yana ƙarewa da sauri don ba girki kaɗai yake yi ba. Ga rigunan sanyi na gwanjo, ga safa, ga maganin tari. Abin da aka tara a Oktoba, Janairu ke cinye shi.

Maganar gaz ɗin nan mu tsaya a kanta kaɗan, don rai ce. Idan sanyi ya matsa, dabarar da ke fara zuwa wa mace ita ce ta toshe kowace kafa, ta kunna resho ko ta shigo da kaskon gawayi, a kwanta. Wutar da ke ci a rufaffen ɗaki tana fitar da wata iska marar wari marar launi. Da fari ciwon kai da jiri da kasala, sai barci, daga barcin kuma ba tashi. Duk sanyin duniya ana jin labarin a rediyo da talabijin na Aljeriya, iyali guda an same su kwance, kuma ƴan ƙasa ne masu gidaje na gari, balle mu. A ɗakinmu doka ce: wuta ba ta kwana, kuma ko sanyi zai kashe mu sai an bar ƴar kafa a sama. Wannan ko a nan gida ya shafe mu, masu shiga ɗaki da garwashi cikin Janairu, ballantana ɗakin mai jego.

Abinci kam ba a kwana da yunwa, gaskiya ɗaya ce. Gwamnatinsu tana tallafa wa burodi da madara, dogon burodi dinar 10, madarar leda dinar 25. Lemu yana araha cikin sanyi, ga dankalin turawa, ga farin wake. Amma ciki ya cika, rai bai ƙoshi ba. Gero ya zama abin marmari. Muna tuƙa tuwo da garin semul, ya yi fari ya yi santsi, a ci dai. Ranar da wata sabuwar zuwa ta kwance ƙullinta aka ga kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ranar sallah ce. Mun ga mace da furfurarta ta riƙe ƙullin daddawa tana shinshina tana hawaye, ba wadda ta yi mata dariya. Fura kuwa sai dai a yi hirarta.

To, dare. Daga magariba zuwa asuba abin ya fi awa goma sha biyu, ana cikin ɗaki ɗaya, ƙafa kan ƙafa. A gida bayan isha sai a fito tsakar gida, a leƙa maƙwabta, a ji kiɗan biki daga wata unguwa. Can babu fita. In ba a samo abin yi ba, tunani ya yi ta cin mutum, ko kuma faɗa ya tashi a kan cokali. Mun ga aminan da suka taso tare tun daga Yawuri sun yi sati ba sa magana saboda bargo.

Babbar mai ceto waya ce. Wadda ke da babbar waya ita ce sarauniyar ɗaki, wurin caji kuma layi ake bi. Akwai samarin da sana'arsu ke nan, su zuba fina-finai a memori a biya su. Fina-finan Kano, fassarar Indiya, Daɗin Kowa, Labarina, duk mun kalle su, waɗansu sau uku. A jingine waya jikin tukunya, mutum takwas a bargo biyu, kowa na ba ƴar fim shawara kamar tana ji. "Ke kar ki yarda da shi!" "Ai na faɗa muku munafuki ne." Fim ɗin awa ɗaya, gardamarsa awa biyu. Bayan shi sai saƙon murya na WhatsApp. A saurara tare, a sake saurara: an yi wa wance baiko, akuya ta haifi biyu, buhun gero ya kai kaza. Saƙon mutuwa ma ta nan yake zuwa, a yi kukan a ɗaki, maƙwabtan ɗaki su zo gaisuwa, washegari a fita nema.

Sauran abin namu ne na gado. Kitso ba ya ƙarewa, a tsefe na jiya don dai a sami abin yi. Lalle akwai shi da kyau a ƙasar. Ana lido, ana karta ba ta kuɗi ba, ana dafa shayi a yi ta juya shi har na uku. Tatsuniya da muka bari tun muna ƴan mata ta dawo, don yaran da ke kulle wuni guda dole a ba su wani abu. Wata tsohuwa ƴar wajen Icirnawa da muka zauna da ita tana da tatsuniyoyin Gizo da ba mu taɓa ji ba, in ta fara har manya sukan kashe waya. In an yi haihuwa kuma ana suna daidai gwargwado. Babu ƙwarya, sai a kife roba a cikin baho a kaɗa da cokali, a yi guɗa ƙasa-ƙasa, rawa a tsakiyar ɗakin da bai fi taku uku ba. Ba a ɗaga murya, don ba a son maƙwabci ya kai ƙara.

Mutanen ƙasar, kamar ko'ina, akwai na kirki akwai waɗanda ba su ba. Akwai yaran da ke jifa da kiran suna. Akwai kuma maƙwabciyar da duk Juma'a sai ta aiko da akushin kuskus da nama, ta haɗo da rigunan da jikokinta suka bari. Hutun sati a can Juma'a da Asabar ne. Ranar 12 ga Janairu suna bikin sabuwar shekarar gargajiya da suke kira Yannayir, a yi girki mai yawa, a raba wa yara alewa da ƴaƴan itace, mu ma ya kai gare mu. Suna da gidan wanka na kuɗi mai ruwan zafi, hammam, da lokacin mata daban. Wadda ta taɓa shiga cikin Janairu ba ta mantawa, sai dai ba kowane ke karɓar baƙuwa da fara'a ba.

Adashi ma mun yi, don hali zanen dutse. Amma ba irin asusunmu ba ne. Tsarin Mata Masu Dubara da aka faro a ƙasar Maraɗi a 1991 ya tsaya ne kan zama wuri ɗaya: akwati, makullai a hannu daban-daban, ranar zubi sananniya, rabo a ƙarshen zagaye. Can ba wadda ta san ko za ta kai sati mai zuwa a ɗakin. Sai a yi zubi gajere, mutum biyar ko shida, kowane sati a ba ɗaya, ita kuma ta yi maza ta aika gida ta hannun ƴan kasuwa masu mutane a Agadas da Damagaram, su cire ladansu. Ba a ajiye kuɗi a ɗaki. Rance babu, don wa za ki bi?

Dalilin wannan shi ne kame. Tun Disamba na 2014 da gwamnatocin biyu suka yi yarjejeniya ake kwaso ƴan Nijar a manyan motoci ana dawo da su ta Asamaka. Waɗansu baƙin ana sauke su a wurin da ake kira Fuwan Zero, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su iso gari, sanyin hamada kuwa da dare ba ya tausayin mai goyo. Ba a ba da sanarwa. Wadda aka tsinta a titi, abin da ke jikinta shi ne nata. Shi ya sa ko ana tsakiyar kallon fim, mota ta tsaya a waje sai ɗaki ya yi tsit, kowa ta duba ɗanta.

Yaran nan kuma, watannin sanyin can su ne watannin lakwal a nan. Yaron da aka tafi da shi a Oktoba aka dawo a Afrilu, shekararsa ta tafi. Ya iya ƙirga dinar, ya iya roƙo da Larabci, sa'o'insa sun wuce aji na gaba.

Ba mu da ikon hana kowa, kuma mun san abin da ke korar mace daga ɗakinta: gonar da ta zama tafin hannu saboda rabon gado, rumbun da ba ya kai watan uku, kayan ɗakin ƴa da ake jira. Abin da muke roƙo a ƙungiyance shi ne a faɗi gaskiya wurin neman rance. Rancen wata uku ba ya biyuwa daga Alje cikin sanyi, mun gwada mun gani, kuma kuɗin na mata ashirin da wani abu ne da suka tara da dala-dala. Wadda ta riga ta yanke, ta zo gaban taro ta faɗi wanda zai riƙa yi mata zubi, a rubuta a littafi da shaidu biyu, a kuma rubuta wanda za a ba kasonta ranar rabo in ba ta dawo ba. In da hali ta bar ƴan lakwal wurin kaka ko kishiya, asusun taimako ya riƙa leƙa su.

Barguna kuwa, masu laushin nan masu hoton damisa da ake shimfiɗawa a gadon amarya ana nunawa, mu ma mun kawo bibbiyu. A sanyin Matamaye ba a iya rufa da su sai ƴan kwanaki cikin Janairu, sauran shekara suna cikin leda a kan sif. Ɗaya daga cikinmu ta sayar da nata bara, ta cika ta sayi tunkiya.