Kilo ɗaya

Buhun hatsi cikakke kilo 100 ne. A kasuwa, idan za a sauke shi daga mota, sai mutum biyu su kama, su aza ma ɗan dako bisa baya. Ɗan dako ya tafi yana nishi, ƙafafunsa suna rawa. Buhu guda ke nan. Buhu biyar kuwa, wato kilo 500, kayan amalanke ne. Amma a shekarar 2016 wani mutum ya duƙa, ya kama nauyin buhu biyar da hannuwansa, ya miƙe tsaye da shi. Sunansa Eddie Hall, mutumin ƙasar Ingila.

Yadda wasan yake

A ƙasashe da yawa ana shirya gasar masu ƙarfi. Akwai jan mota da igiya, akwai ɗaukar duwatsu, akwai ɗaga gungumen ice sama da kai. Babbar gasar da ake zaɓen wanda ya fi kowa ƙarfi a duniya an soma ta a 1977. Cikin waɗannan wasanni, wanda ya fi sauƙin ganewa shi ne ɗaga ƙarfe daga ƙasa. Sunan da Turawan Ingila suka ba shi yana nufin ɗaga mataccen nauyi, domin kayan yana kwance ne shiru, ba ya taimakon mai ɗauka da kome.

Ana ajiye doguwar sandar ƙarfe a ƙasa, a jera mata faya-fayen ƙarfe masu nauyi dama da hagu. Ɗan wasa ya zo ya tsaya gabanta, ya duƙa, ya kama, ya miƙe. Dole gwiwoyinsa su miƙe sarai, bayansa ya miƙe. Sa'an nan ya jira alƙali ya yi masa alama da hannu. Bayan alamar, sai ya mai da sandar ƙasa yana riƙe da ita. Idan ya sake ta ta faɗi, aikinsa ya tashi banza. A gasar masu ƙarfi an yarda mutum ya ɗaure hannuwansa ga sandar da maɗauri, ya sa ɗamara da matsattsar riga mai tallafar ƙugu. Duk da haka, babu mai ɗaga masa ko kilo ɗaya.

Shekara goma, kilo goma

A 2006 wani Bature ɗan Ingila, Andy Bolton, ya ɗaga kilo 455. Mutane suka yi mamaki ƙwarai. Daga nan aka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kamar mai hawan tudu da kaya. A 2011 Benedikt Magnusson, mutumin tsibirin Ayislan, ya ɗaga 460. Shekara uku bayan haka, a birnin Lids na Ingila, ya ƙara kilo ɗaya, ya kai 461.

A wannan rana ta 2014 Eddie Hall ma yana wurin. Shi ma ya miƙe tsaye da kilo 461. Amma don murna, sai ya saki sandar ta faɗi ƙasa. Alƙalai suka ce bai ci ba. Dubban mutane sun ga ya ɗaga, shi ma ya san ya ɗaga, amma doka ta hana a rubuta sunansa. Ya koma gida hannu wofi.

An haifi Eddie a 1988. Yana yaro ya gwanance ga iyo, har yana cin gasar yara ta ƙasarsu. Da ya bar makaranta ya koyi gyaran manyan motoci, ya yi shekaru yana wannan sana'a. Da rana yana ƙarƙashin mota, da dare yana ɗakin motsa jiki. Abin da ya same shi a Lids bai karya zuciyarsa ba. A 2015 ya ɗaga 462, ya kuma ɗaga 463. A farkon 2016 ya kai 465. Wanda ya yi lissafi zai ga cewa daga 2006 zuwa 2016, cikin shekara goma, kilo goma kawai aka ƙara. Sai ga Eddie yana faɗa a gaban kowa cewa zai ɗaga 500. Da yawa suka yi masa dariya.

Ranar 9 ga Yuli 2016

An yi gasar a Lids, cikin wani babban zaure cike da ƴan kallo. Ana cikin gasar aka sa kilo 465. Mutum uku suka ɗaga shi: Eddie Hall, da Benedikt Magnusson, da wani Ba'amurke mai suna Jerry Pritchett. Sa'an nan aka ƙara kilo 35 gaba ɗaya, sandar ta zama rabin tan.

Eddie ya fito. Nauyin jikinsa a lokacin ya haura kilo 180, domin ya yi watanni yana cin abincin mutum huɗu ko biyar kowace rana. Ya ɗaure hannuwansa, ya ja numfashi, ya riƙe. Sandar ta lanƙwasa tun faya-fayen ba su bar ƙasa ba. Suka tashi, suka wuce gwiwa, ya miƙe. Alƙali ya yi alama. Wannan karo bai saki ba. Ya tsaya kaɗan yana duban jama'a, jini yana fita daga hancinsa, kana ya mai da sandar ƙasa. Yana ajiye ta sai ya durƙusa, ya suma.

Ga dalilin suman. Mai ɗaga nauyi irin wannan yana riƙe numfashi, ya ƙanƙame cikinsa don ƙashin baya ya samu madogara. Hakan yana sa jini ya matsa jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce kima. Ƙananan jijiyoyi na hanci da na ido suna iya fashewa. Idan ya saki numfashi, matsin ya sauka farat ɗaya, jini ya ƙaranta cikin ƙwaƙwalwa, sai duhu ya rufe ido. Eddie da kansa ya ba da labari cewa ganinsa ya dushe a ranar, kuma ya yi kwanaki yana fama da mantuwa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Wannan wasa ya taɓa cin rai. Jon Pall Sigmarsson na Ayislan ya zama gwarzon duniya sau huɗu, a 1984 da 1986 da 1988 da 1990. A 1993, yana cikin ɗaga ƙarfe a ɗakin motsa jikinsa, babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta fashe, ya rasu. Shekarunsa 32 da haihuwa.

Mutumin tsibiri

Ayislan tsibiri ne mai sanyi can arewa, tsakiyar teku. Mutanen ƙasar duka ba su kai mutanen birnin Yamai yawa ba. Amma sun daɗe da sanin darajar ƙarfi, domin da kamun kifi kakanninsu suka rayu. A wani gaɓar teku kusa da Dritvik har yanzu akwai duwatsu huɗu: na kilo 23, na 54, na 100 da na 154. A zamanin da, saurayin da ke neman aiki cikin jirgin masunta sai ya ɗaga na 54. Wanda ya kasa, ba a ba shi wuri.

A wannan ƙasa aka haifi Hafthor Bjornsson, shi ma a 1988. Tsawonsa ya ɗara metir 2. Da farko ƙwallon kwando yake bugawa, sai ciwon idon sawu ya raba shi da wasan, ya koma ɗaukar nauyi. A 2017 shi da Eddie suka haɗu a Gaborone, babban birnin Botswana, a gasar gwarzon duniya. Eddie ya ci, da ratar maki ɗaya tak. Hafthor bai ji daɗi ba, domin yana ganin alƙali ya hana shi wani maki da ya cancanta. Daga ranar zumunci ya lalace tsakaninsu. Eddie kuwa, da ya samu abin da yake nema, ya bar wannan gasa don ya tsira da lafiyarsa. A 2018 Hafthor ya zama gwarzon duniya. Amma abu guda ya rage masa: rabin tan ɗin nan na Eddie.

Gardama

A 2020 cutar korona ta game duniya, aka hana taro, aka dakatar da wasanni. Hafthor ya riga ya shirya jikinsa, ba ya son shirin ya lalace. Ranar 2 ga Mayu, cikin ɗakin motsa jikinsa a Ayislan, aka auna faya-fayen ɗaya bayan ɗaya bisa sikeli, ana nuna ma duniya ta telebijin. Alƙalin shi ne Magnus Ver Magnusson, wanda shi ma ya zama gwarzon duniya sau huɗu. Hafthor ya ɗaga kilo 501.

Kilo ɗaya bai kai rabin tiya ta hatsi ba. Yaro ƙarami yana ɗaukarsa da hannu guda, ya kai ma mahaifiyarsa a guje. Amma wannan kilo ya ta da gardamar da aka yi shekara biyar ana yi. Eddie da wasu suka ce ba a kafa bajintar duniya a gida. Suka ce a gasa mutum ba ya zaɓen lokacinsa, ba ya hutawa yadda ya ga dama, kuma abokan hamayya suna tsaye suna dubansa. Wasu kuma suka ce an auna ƙarfe, alƙali ya gani, kilo 501 ya bar ƙasa, me ya rage?

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya. Ɗan makarantar da ya yi lissafi daidai a gida ya iya lissafi, babu shakka. Amma takardar shaida sai a ɗakin jarrabawa ake samunta, inda kowa yake zaune bisa benci iri ɗaya, da lokaci iri ɗaya. Doka ce ta hana Eddie a 2014, ita ce kuma ya riƙe a 2020. Faɗan ya yi zafi har mutanen biyu suka yi dambe a Dubai a watan Maris 2022. Hafthor ya ci da maki. Amma naushi ba ya auna ƙarfe, saboda haka gardama ta tsaya inda take.

Amsa

Don yin dambe, Hafthor ya rage nauyin jikinsa da yawa. Da ya komo ɗaukar ƙarfe, sai naman ƙirjinsa ya yage a 2023, aka yi masa aiki a asibiti. Mutane suka ce zamaninsa ya wuce. Bai tanka ba, ya koma ya soma daga ƙananan faya-faye, yana ƙarawa sannu sannu. A watan Yuli 2025, a wata gasa a ƙasar Jamus, ya ɗaga kilo 505. Ranar 6 ga Satumba ta wannan shekara, a birnin Birmingham na Ingila, gaban alƙalai da abokan hamayya da dubban ƴan kallo, ya ɗaga 510. Yana da shekara 36. Wannan karo babu wanda ya ce a gida aka yi.

Sunan Eddie Hall bai goge ba. Shi ne na farko da ya nuna cewa ɗan Adam yana iya miƙewa da rabin tan, lokacin da ake ce masa mahaukaci. Amma bajinta kamar aro take: mai ita yana riƙe da ita ne kafin wani ya zo. Bolton ya riƙe, Magnusson ya karɓa, Hall ya karɓa, Bjornsson ya karɓa. Gaba da gabanta.

Waɗannan mutane sun yi fiye da shekara goma suna horar da jikinsu, da masu koya masu, da likitoci kusa da su, duk da haka jini ya zuba. Yaron da ƙashinsa bai ƙosa ba, idan ya je yana gasar ɗaga buhu ko turmi don abokai su yaba shi, yana iya jin ciwon bayan da zai bi shi har tsufa. Ɗan dako na kasuwa ya fi shi wayo. Yana ɗaukar buhu sau da yawa a yini, babu alƙali, babu tafi. Ya san iyakar ƙarfinsa. Yakan lanƙwasa gwiwa, ya gyara tsayuwa, ya dubi na kusa da shi ya ce: «Ɗan'uwa, kama mini.»

Tambayoyi

1. Don me aka hana Eddie Hall nasararsa a 2014?
2. Me ke sa mai ɗaga nauyi ya suma bayan ya ajiye ƙarfe?
3. Waɗanne dalilai kowane ɓangare ya kawo game da kilo 501? Wanne ya fi gamsar da ku?
4. Kilo nawa aka ƙara daga 2006 zuwa 2025?
5. Idan tiya guda ta hatsi kilo 2 da rabi ce, tiya nawa ke cikin kilo 510?