Makon da Ake Jiran Gafara a Lalibela

Garin Lalibela yana kan tsaunukan arewacin Habasha, a yankin Amhara, kimanin mita 2,500 sama da teku. Abin da ya fitar da sunansa coci-coci ne guda 11 waɗanda ba gina su aka yi ba, sassaƙa su aka yi. Magini yakan faro daga tushe ya yi sama. Masu sassaƙa waɗannan kuwa daga sama suka faro, suka yi ta saran jan dutse suna nutsawa ƙasa har suka ware ƙaton curi, sannan suka rarake cikinsa, suka fitar da ƙofofi da tagogi da ginshiƙai. Kana tafiya a fili ba ka ga komai ba, sai kawai ka tsinci kanka a bakin rami, ga rufin Bete Giyorgis mai siffar gicciye a ƙarƙashin ƙafarka, ƙasansa kuwa na can kimanin mita 12. Babbansu, Bete Medhane Alem, tsawonsa ya haura mita 33. Ana jingina aikin ga Sarki Lalibela na gidan sarautar Zagwe, wanda ya yi mulki daga ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13. An ce sabuwar Ƙudus ya so ya kafa, shi ya sa rafin da ya ratsa wurin ake ce masa Yordanos, wato Urdun. Mutanen garin za su gaya maka, ba da wasa ba, cewa in mutane sun gaji da yamma mala'iku ne ke karɓar aikin da dare. A 1978 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya.

Amma ni ba dutsen ne ya fi ɗaure mini kai ba. Na faɗa garin ne a makon Fasika, wato Istar Kiristocin Otodoks na Habasha. Ni Musulmi ne, kuma mai karatu ya san a wurinmu ba a gicciye Annabi Isa ba, ba a kuma kashe shi ba. Sai dai ƙasar da ta buɗe wa sahabbai ƙofa a hijira ta farko ta cancanci a tsaya a saurari abin da mutanenta suka gaskata, a faɗe shi yadda suke faɗinsa.

Kafin Fasika suna azumin kwana 55. Ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba man shanu, kuma masu tsanantawa ba sa kai komai baki sai wajen ƙarfe uku na rana. Ana ajiye manyan gangunan coci, ba a jin amonsu. A makon ƙarshe kuma sai a ajiye har da gaisuwa. Habashawa mutane ne masu son gaisuwa, a yi musafaha, a haɗa kafaɗa, a sumbaci kumatu. Limamin coci ba ya rabuwa da ƙaramin gicciye a hannu, duk inda ya bi mutane na tare shi su sumbata. A wannan makon duk an bari. Ko addu'ar nan da limami yake yi wa mai tuba, yana roƙon Allah ya kwance masa zunubinsa, ba a yinta yadda aka saba.

Na sami wani dattijon limami yana shan hantsi a gindin bango, na sa ɗan rakiyata ya tambayar mini shi: Abba, ashe makon da ya fi kowane tsarki shi ne ake hana mutane albarka? Ya ce da sumba Yahuza, ɗaya daga cikin almajirai, ya ba da Almasihu, don haka ba a sumba. Game da gafara kuwa ya ce, ɗana, Adamu da zuriyarsa shekara 5,500 suka yi suna jira, mu mako guda kawai ake sa mu ɗanɗana.

A koyarwarsu zunubi bashi ne. Suna da wata tsohuwar ruwaya cewa Shaiɗan ya sa Adamu da Hauwa'u sun rubuta takardar amincewa su bayinsa ne, ya jefa guda a kogin Urdun, guda a lahira inda matattu suke tsare. Almasihu ya goge ta farko ran da aka yi masa baftisma, ta biyu kuwa sai da ya mutu ya sauka can da kansa ya goge, ya fito da waɗanda ke ɗaure. Tashinsa a rana ta uku shi ne shaidar cewa an biya bashin kuma an karɓa. Shi ya sa Bulus, a wasiƙarsa ta farko ga mutanen Korinti, ya ɗaure abubuwan biyu wuri guda: in babu tashi daga matattu, to babu gafarar da za a dogara da ita. Akwai wani dogon rami mai baƙin duhu da ya haɗa wasu daga cikin coci-cocin, masu ziyara na ratsa shi ba fitila, hannu ɗaya a bango ɗaya a rufi, har su ɓullo cikin haske. 'Yan rakiya na ce masa hanyar wuta. Na bi shi, kuma ban ji wanda ya yi dariya a ciki ba.

Ranar Alhamis manyan limamai suka durƙusa suna wanke ƙafafun mutane, a gidaje kuma aka dafa gulban, dafaffen wake da alkama. Ranar Juma'a kuwa, wadda suke ce wa Siklet, tun safe ramukan suka cika da fararen mayafai. Tsoho da yaro, kowa na faɗuwa goshi a ƙasa, ya miƙe, ya sake faɗuwa, haka har yamma, ciki babu komai. Can da la'asar sakaliya sai aka yi layi gaban limamai. Kowa ya matsa ya raɗa abin da ya aikata, limami ya ɗan tattaɓa bayansa da reshen zaitun, ya yanka masa adadin sujadar da zai ƙara. Ban ga wanda ya yi ciniki ba. Mutum ya koma gefe da gwiwoyinsa da suka riga suka yi tsami, ya ci gaba. Limamai da wasu masu ƙarfin hali daga nan ba ci ba sha sai daren Asabar wayewar Lahadi.

Da safiyar Asabar limamai suka fito suna raba ɗanyar ciyawar fadama, mutane na ɗaurawa a ka, tunawa da ɗanyen ganyen da kurciya ta kawo wa Annabi Nuhu alamar ruwa ya janye. Kasuwa ta cika da kaji da tumaki da albasa kamar jajibirin Sallah. Da dare aka koma coci. Wanda bai sami shiga ba ya kwanta a kan dutse cikin sanyin tsauni, ya lulluɓe da mayafi. Ana ta karatu da Ge'ez, tsohon harshen ibadarsu, da karin da suke jingina wa Yared na ƙarni na 6, masu waƙa sun dogara a kan dogayen sanduna don tsayuwar ta yi tsawo. Wajen tsakar dare aka kunna kyandirorin kakin zuma, wannan ya kunna wa wancan, har haske ya malale ramukan. Sai gangunan da suka yi shiru kusan wata biyu suka ɓarke, mata suka rangaɗa guɗa, dutsen ya riƙa mayar da amo. Limami na shelar cewa Almasihu ya tashi, an ɗaure Shaiɗan, an 'yanta Adamu, jama'a na amsawa. Gicciyen da aka hana su sumbata aka miƙo musu, aka koma rungumar juna. Wajen ƙarfe uku na dare aka watse, kowa ya nufi gida inda miyar kaza mai yaji, doro wat, ke jira da injera.

A ganina nauyin abin yana wurin da gafarar ta sauko tsakanin mutum da mutum. Linjila ta ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin da ba zai taɓa iya biya ba, shi kuwa ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan 'yan kuɗi kaɗan, aka komo da shi aka hukunta. Bitrus ma, almajirin Almasihu da ya yi musun saninsa sau uku a daren kamu, bayan tashin ne aka mayar da shi aka damƙa masa jagoranci. Don haka ake koya wa mai gaba da wani kada ya kusanci jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake karɓa a coci, sai ya je sun shirya.

Ba a ce kowa na cikawa ba. A watan Agustan 2021 mayaƙan Tigray suka kama Lalibela, aka ƙwace ta a ƙarshen shekarar, alhali akasarin masu harbin juna ɗin coci ɗaya suke bi, azumi ɗaya suke yi. Daga 2023 kuma wani sabon rikicin ya tashi a yankin Amhara.

Wanda ke da niyyar zuwa ya fara binciken halin tsaro. Ya kuma duba ranar da kyau, domin Fasika sau da yawa ba ta faɗuwa rana ɗaya da Istar da aka saba gani a Najeriya da Nijar. Ya tafi da rigar sanyi da safa mai kauri, don a bakin ƙofa ake cire takalmi.