Faɗuwar Gaban Da Ta Zama Waƙa

Bahaushe na da sunaye masu yawa na ciwon jiki, tun daga masassara da shawara har zuwa amosanin gaɓɓai. Amma da an zo kan ciwon da ke cikin kai, sai kalmomin su yi mana ƙaranci. Ko dai a ce mutum lafiyarsa lau, ko a ce ya taɓu, ko a ce iska ce. A tsakanin waɗannan ukun akwai fili mai faɗi, kuma mutane da dama na zaune a cikinsa shiru, suna zuwa aiki, suna gaisawa da jama'a, alhali su kaɗai suka san abin da ke cin su. Wata waƙar Amurkawa mai suna "Basket Case" ce ta sa na fara kallon wannan fili da idon basira.

Waƙar ta ƙungiyar Green Day ce, samari uku daga jihar Kaliforniya: Billie Joe Armstrong mai rera waƙa da kaɗa jita, Mike Dirnt mai jitar bas, sai Tré Cool mai ganguna. Tana cikin kundinsu Dookie da ya fito ranar 1 ga Fabrairun 1994, lokacin Armstrong na dab da cika shekara 22. Kundin ya ci lambar Grammy a 1995, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai. Kunnen da ya saba da jitar Bombino ko ta Mdou Moctar ba zai ji kiɗan baƙo ƙwarai ba, sai dai nasu ya fi gaggawa da hayaniya.

Sunan waƙar ma abin dubawa ne. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka fara amfani da wannan lafazi a Turancin Amurka, ana nufin sojan da ya rasa hannuwa da ƙafafu har sai an ɗauke shi cikin kwando. Daga baya ya koma baƙar magana ga wanda ake ganin kansa ya kwance. Wato yaron ya ɗauki sunan da yake tsoron a laƙaba masa, ya raɗa wa kansa tun kafin wani ya riga shi.

Armstrong ya sha faɗa a hirarraki cewa a wancan lokaci wani tsoro na auka masa haka kawai, har ya ɗauka haukacewa yake yi, kuma rubuta waƙa ce kaɗai hanyar da ya sani ta gane abin da ke faruwa da shi. Sai bayan shekaru ya san cewa likitoci na da suna ga wannan hali: ciwon firgici. Jikin ɗan Adam na da ƙararrawar haɗari. Idan ka yi arba da maciji, ƙwaƙwalwa kan sa a saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, don ka samu ƙarfin gudu ko kare kai. Mai ciwon firgici ƙararrawarsa kan kaɗa ba maciji ba ɓarawo. Saurin numfashin kan kawo jiri da mutuwar yatsu, mutum ya ƙara tsorata, tsoron ya ƙara hura wutar. Yawanci abin kan kai ƙololuwa cikin minti goma, sannan ya lafa. Amma tsoron dawowarsa kan iya hana mutum shiga kasuwa ko mota na tsawon watanni.

Ban san wannan bayani ba ranar da abin ya fara same ni. Ina zaune gaban makirfo, jar fitila ta kama, na buɗe baki zan yi wa masu saurare sallama kamar yadda na saba, sai na ji ƙirjina kamar ana daka a ciki. Gumi ya keto mini, takardar da ke hannuna na rawa, wani abu na raya mini cewa yau kwana ya ƙare. Mai kula da na'ura ya ga fuskata ta gilashi, ya yi dabara ya sa kiɗa. Kafin waƙa biyu su ƙare na dawo daidai, na gama shirin, ba wanda ya sani a waje.

A gida goggona ta ce, "Ɗan nan, wannan ai iska ce, a nemo malam." An yi mini addu'o'i, na kuma ji sanyinsu a raina. Na je asibiti aka gwada zuciya da jini, aka ce ba komai. Wannan "ba komai" ta fi komai tayar mini da hankali, domin idan jiki lafiya lau, to saura me? Sai a karo na uku na dace da likitan da ya zaunar da ni, ya zana mini wancan zagayen na tsoro a takarda, ya faɗa mini sunansa. Ya koya mini jan numfashi a hankali, ya ce in rage shayi mai ƙarfi da nake sha kafin shirin dare, ya kuma tura ni wurin masanin halayyar ɗan Adam. Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Waƙar na cikin tarin kiɗan waje da muke da shi tun ina makarantar koyon aikin jarida, amma sai bayan wannan na nemi labarinta, na sake saurarenta da wani kunne. Tsawonta minti uku ne kacal. Da murya da jita kaɗai take farawa, jitar a danne kamar mai riƙe numfashi, can sai ganguna su ɓarke gaba ɗaya. Wanda ya taɓa shiga halin zai gane wannan tsari ko da bai jin Turanci. Abin da ya fi burge ni shi ne mawaƙin bai nemi a tausaya masa ba. Kansa yake yi wa dariya, irin dariyar da muke yi a gidan makoki idan kuka ya gaji. Har bidiyon waƙar, wanda Mark Kohr ya shirya, a wani tsohon asibitin masu taɓin hankali mai suna Agnews aka ɗauke shi, ƴan ƙungiyar na matsayin majinyata.

Sai dai waƙa ba magani ba ce, kuma rayuwar mai ita ta nuna haka. A watan Satumban 2012, shekara 18 bayan fitowarta, Armstrong ya fusata a kan dandamali a birnin Las Vegas, ya farfasa jitarsa, daga nan ya wuce gidan jinyar masu shaye-shaye. Daga baya ya bayyana cewa yana haɗa barasa da ƙwayoyin rage damuwa da na barci. Miliyoyin mutane sun haddace ciwonsa suna rerawa, amma hakan bai ɗauke masa buƙatar likita ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da cututtukan damuwa da fargaba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani, duk da cewa maganin na aiki, walau na tattaunawa da ƙwararre ko na ƙwaya bisa umarnin likita. Ina da yaƙinin a cikin masu saurarena akwai ɗalibar da ke fita daga aji ba ta san dalili ba, da direban da ke tsayawa gefen hanya yana dafe ƙirji. Shi ya sa duk ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, nakan sa wannan waƙa, in ba da labarinta da Hausa, in gayyato likita a buɗe layin waya. Ba a taɓa rasa mai bugowa ya ce, "Malam, wallahi abin da ke damuna ke nan, ashe yana da suna."

Mai karatu, idan ƙirjinka na irin wannan bugu, fara zuwa a duba zuciyarka, domin ciwon zuciya na gaskiya ma kan zo da kama iri ɗaya. Idan an ce lafiya take, kada ka tsaya nan, tambayi likita batun firgici. Ka riƙe addu'arka, ka haɗa da magani, addini bai hana ba. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na fili da na ɓoye.