Gambu da Makaɗan Gefe: Abin da Kunnen Dattawan Likoro Ya Koya

Makaɗan Hausa ba su taɓa zama kashi ɗaya ba. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun karkasa su gwargwadon mutanen da suke yi wa kiɗa: akwai na fada, da na sana'a, da na maza, da na jama'a. Sai dai mai saurare yana da nasa rabon da bai shiga littafi ba. A wurinsa akwai makaɗin da ke zuwa ya same shi har gida, ta rediyo ko a filin biki, akwai kuma wanda sai an tashi an nema, ko wani aboki ya miƙo kaset ya ce a je a ji. Waɗannan na biyun su ne makaɗan gefe. Masoyansu ba su kai na manyan mawaƙa yawa ba, amma wanda ya kamu da son su ya kamu ke nan har furfura. Alhaji Muhammadu Gambu mai waƙar ɓarayi shi ne fitaccen misali, kuma yadda waƙarsa ta iso garuruwan arewacin Zazzau, irin su Likoro da Hunƙuyi da Maƙarfi, ya bar wa dattawan yau darussan da suke ta nanatawa.

Kafin kaset ya yaɗu, kunnen mutumin Likoro yana hannun gidan rediyon Kaduna ne, wanda ya fara aiki a 1962. Abin da aka saka a shirin Zaɓi Sonka da makamantansa shi ne kiɗan duniya. A nan aka san kalangun Mamman Shata, da kotson Musa Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗan Maraya Jos. Kukumar Hassan Wayam kuwa ta gida ce, tunda a Zariya ya zauna. Waɗannan gwanaye ne na gaske, ba mai ja. Amma gidan rediyon gwamnati yana da ma'auni: abin da zai shiga iska sai ya zama wanda sarki da malami da matar aure za su ji tare ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba. Duk makaɗin da bai hau wannan ma'auni ba, ko da ya cika fili a garinsu, nesa da gida kamar babu shi.

Rikoda da kaset ne suka karya wannan shinge daga shekarun 1970 zuwa gaba. Ƙasar Kudan da Maƙarfi ƙasar rake ce, kuma rake ba ya zama gida. Manyan motoci kan yi lodi su nufi garuruwa masu nisa, ranar Laraba kasuwar Maƙarfi ta tara fatake daga ko'ina, da rani kuma 'yan cin rani su sauko daga Sakkwato da Zamfara da Nijar neman aikin fadama. Direba da yaron mota da ɗan cin rani kowa da kasetinsa a aljihu ko a ƙasan jaka. A Sabon Garin Zariya akwai masu kwafa: a ba su kaset ɗaya da wani fanko, su juye, su rubuta sunan mawaƙin da biro a jikin takardar. Kwafin kwafi ne, sautin ya dushe, wani wurin ma sai kiɗan ya yi kamar ana yin sa a cikin rijiya, amma ana ji. In zaren ya tsinke a buɗe kaset ɗin da tsinin wuƙa, a haɗa bakin biyu a liƙe da jan farce, a yi asarar kalma biyu ko uku har abada. In za a mayar da shi baya a zura biro a ramin a yi ta juyawa da hannu don tattalin batir. Ta wannan hanya, daga hannu zuwa hannu, Gambu ya shigo.

Mutumin Fagada ne a ƙasar Maiyama ta jihar Kebbi ta yanzu, kuma sunansa ya haɗu da na garin Jega. Kalangu yake amfani da shi, kamar Shata, amma kamannin ya tsaya a nan. Abin da ya zaɓa ya yi wa waƙa shi ne abin da yawancin makaɗa ke gudu: ɓarayi, da sunayensu da garuruwansu da irin ta'asar da suka yi. Waƙarsa ta Tsoho Tudu ita ce ta fi yawo a kaset.

Dattawan da suka fara jin sa suna samari sun yi ittifaƙi a kan abu guda, cewa jin farko ba daɗi. Dalilan uku ne, kuma kowanne ya isa ya kori mutum. Harshen Sakkwatanci ne tsantsa, mai nauyi a kunnen Bazazzagi, da kalmomin da sai an nemi ɗan cin rani ya warware. Tsarin waƙar kuma ba wanda aka saba ba ne. Wanda ya tashi da Shata ya san amshi zai dawo a kan lokaci ya ba kunne wurin hutawa. Shi kuwa Gambu rabi waƙa yake yi rabi zance, ya ɗauko labari ya ja shi, ya ratse ya yi gardama da wani wanda ba a gani, ya yi wa kansa kirari, sannan ya komo inda ya tsaya. Na uku shi ne abin da ake faɗa ɗin. Manomin da aka taɓa kwance wa shanun huɗa cikin dare ba ya buƙatar a gaya masa ɓarawo jarumi ne. Da yawa sun kashe rikoda kafin fuskar kaset ta farko ta ƙare, suka ce wannan ai shashanci ne.

Waɗanda suka koma suka sake ji su ne suka gane akwai wani abu a ciki. Wurin da aka fi samun wannan damar shi ne wurin dafa mazarƙwaila, inda aiki ke kai mutane tsakar dare. An matse rake, ruwan yana tafasa a babban kasko, wani yana tura ɓawon rake busasshe a wuta, wani yana kwashe kumfa, rikoda na rataye a jikin rumfa. Ba mata, ba yara, ba gaggawa. A irin wannan zama ne wani zai ce a mayar da wurin nan baya, a sake ji, a yi ta muhawara a kan abin da mawaƙin yake nufi. A hankali sai ya bayyana cewa mutumin gwanin labari ne na ƙin ƙarawa. Yana iya zana dare da tsoro da haushin kare da bugun zuciyar mai gida har mai saurare ya waiwaya bayansa. Ya bayyana kuma cewa ba a kan masu fasa ɗaki kaɗai ya tsaya ba. Yakan juya ya lissafo waɗanda ke cin dukiyar mutane da rana tsaka cikin manyan riguna, ya nuna cewa jama'a na yi wa ƙaramin ɓarawo ature tana kuma durƙusa wa babba. Talakan da ya taɓa tsayawa gaban mai iko aka danne masa haƙƙi ya san wannan magana ba ƙarya ba ce, kuma bai taɓa jin makaɗin fada ya faɗe ta ba.

Daga nan darasi na farko ya fito, wanda dattawa ke yawan kawowa in ana zancen da bai ma shafi kiɗa ba: ƙin da kunne ya yi wa abu a karon farko ba hukunci ba ne, sau da yawa rashin sabo ne kawai. Mutumin da ya ga yadda waƙar da ya kira hayaniya ta zama wadda ya haddace yakan rage saurin yanke wa baƙon abu hukunci, ko sabon irin shuka ne ko baƙon da ya sauka a unguwa.

Darasi na biyu ya fi nauyi, kuma ba kowa ya iya ɗaukar sa ba. Sauraro daban, yarda daban. Malaman da suka yi wa'azi a kan irin wannan waƙa ba su yi kuskure ba da suka ce kirari yana ƙara wa mai ɓarna ƙarfin gwiwa. Aikin kirari ke nan tun asali, shi ya sa ake yi wa ɗan dambe da mafarauci. Akwai samarin da suka ji Gambu ba su ɗauki komai ba sai burgewar suna. Wanda ya amfana shi ne wanda ya iya riƙe abu biyu a lokaci guda: ya yaba fasahar, ya ƙi aikin da ake wasawa. Wannan rarrabewa ba a haihuwar mutum da ita. Shekaru ne ke koyar da ita, shi ya sa dattijon da ya san waƙoƙin nan ciki da bai ba zai kunna su gaban jikokinsa ba, kuma ba ya ganin hakan munafunci ne.

Gambu ba shi kaɗai ba ne a wannan layi. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗa da harshe mai kaushi irin na daji. Ali Makaho ya yi waƙar Mandula a kan masu shaye-shaye. Ɗan Anace, ko da yake sunansa ya fi nasu fita saboda waƙar Shago, duniyar 'yan dambe ya rayu a ciki, ba ta fada ba. In aka haɗa su za a ga sun adana tarihin mutanen da ba a rubuta su a ko'ina: mahauta da 'yan tasha da 'yan kurkuku da waɗanda gari ya juya wa baya. Mai neman sanin yadda sarakuna suka rayu ya je wurin Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Mai neman sanin abin da ke gudana a bayan ganuwa kuwa dole ya bi ta kan waɗannan.

Masoya irin wannan kiɗa suna da wata zumunta ta daban. Mutum biyu da ba su san juna ba za su haɗu a motar Zariya zuwa Kano, ɗaya ya ambaci sunan wata waƙa, ɗayan ya juyo, kafin a kai Kwanar Ɗangora sun zama kamar 'yan uwa. Wannan hali ba na ƙasar Hausa kaɗai ba ne. A Ingila an yi wata ƙungiyar makaɗa mai suna Cardiacs, wadda Tim Smith ya jagoranta tun 1977. Kiɗansu ya cika sauye-sauyen da ke rikita kunne, marubuta jaridun kiɗa da dama sun tsane su, kuma ayyukansu na farko a kaset suka fitar suna sayarwa a wuraren wasa. Amma da ciwon zuciya ya kwantar da Smith a 2008, 'yan tsirarun masoyan nan ne suka yi ta tara kuɗin jinyarsa har ya rasu a 2020. Kusa da gida kuma akwai Mamman Sani na Nijar, wanda ya naɗi kiɗan ogan (organ) mai aiki da lantarki a gidan rediyon ƙasar a 1978. Kaset kaɗan aka buga. Mutanen Nijar sun yi shekaru suna jin sautinsa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da aikin bayan an ci karo da kasetin a Yamai, sunansa ya zaga ƙasashe.

A ƙarshen rayuwarsa Gambu ya bayyana cewa ya tuba ya bar waƙar ɓarayi, ya kuma rasu a 2016. Masoyansa a ƙasar Zazzau ba su ɗauki tubar a matsayin cin amana ba. Yawancinsu su ma sun kai shekarun da mutum ke duba abin da ya shuka. Abin da ya fi sauya yadda ake jin waƙoƙinsa shi ne halin da Arewa ta shiga. Ɓarawon da Gambu ya waƙe mai bin dare ne da sanda da wuƙa da layu, yana tsoron kuwwa da kwanan kurkuku. Tun da satar shanu a Zamfara ta rikiɗe ta zama ta'addancin 'yan bindiga da garkuwa da mutane, har ta taɓa sassan jihar Kaduna da Katsina, kalmar ɓarawo ta ɗauki wani nauyin da ba ta da shi a da. Dattawa da dama da suka yi kwana suna dariya da waƙoƙin nan sun ajiye su, ba don fasahar ta ragu ba sai don zuciya ba ta iya ɗauka. Wasu kuma sun ci gaba da ji, suna cewa gargaɗin da ke ciki game da zalunci da cin hanci yanzu ne ma ya fi fitowa fili.

Hanyar samun waƙa ita ma ta canja. Saurayi a Likoro yau zai kai wayarsa shagon masu caji a tura masa waƙoƙi ɗaruruwa a mamori da 'yan kuɗi kaɗan, Gambu da Kassu Zurmi na ciki tare da waƙoƙin finafinan Kano. Samu ya yi sauƙi, amma abin da ke sa a fahimta ya yi ƙaranci, domin waya a kunnen mutum ɗaya take, ba wanda zai ce a mayar baya, ba ɗan cin rani a gefe da zai warware kalma. Ɗaliban sashen Hausa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato suna rubuta matanin waɗannan waƙoƙi suna nazarin su, sai dai galibin abin da ke yawo a waya da intanet an juyo shi ne daga tsofaffin kaset ɗin da aka kwafa aka sake kwafa, ba kwanan wata, ba sunan wurin da aka yi wasan, wani lokaci ma sunan waƙar ya sha bamban daga wannan shago zuwa wancan. Mutanen da za su iya cewa wannan baiti ga wanda ake nufi da shi, ga kuma abin da ya faru har aka yi shi, su ne dattawan da suka saurara a zamanin rikoda, kuma mafi yawan abin da suka sani ba a naɗe shi ba tukuna.