Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Ya ku 'yan makaranta, sau da yawa kukan tambaye mu, mu malamanku, ku ce, "Shin mene ne bin kiran Allah da zuciya ɗaya?" To, amsar tana nan bakin gonakinmu na ƙasar Kura da Bunkure, in kun lura.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, ruwa ya riƙa biyo magudanu yana ratsa Kadawa da kewayenta. Ƙasar da a da ba ta san shuka ba sai da damina, ga ta tana ba da shinkafa da alkama da tumatir da tsakar rani. Amma ku tambayi manomin da gonarsa ke can ƙarshen layi. Zai gaya muku ruwan ba ya isa gare shi sai an yashe magudana. In kacala ta toshe ta, ko bakinta ya fashe nan da can, ruwa ya watse a hanya, nasa rabon fari ne, ko da Tiga ta cika maƙil. Ita magudana ba ta da ruwan kanta. Aikinta ɗaya ne tak, ta kai abin da aka zuba mata har inda aka nufa.

Haka Kirista yake da kiransa. Baiwar ta Allah ce. Namu kuwa kada mu bari ta tsiyaye.

Ku dubi Likita Mila na mishan ɗin C.M.S. Cikin 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell da 'yan'uwansu. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya sallame su. Suka koma Girku, can ɗayansu ya rasu. Wani da ya ce ƙasar ba ta karɓe shi ba, ya kama hanyar Ingila ke nan har abada. Shi kuwa ya sake dawowa, ya zauna Zariya cikin 1905, yana ba da magani, yana koyar da yara, yana fassara. Waɗanda suka bi shi ba su da yawa, bai kuwa fasa ba. Cikin 1929 mishan ta ƙaura Wusasa. Sai 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da ya fi kowa shan wahalarsa, wato shekara 32 bayan an sallame shi daga Kano. Cikin yaran da mishan ɗin nan ta rena har da Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Likita Mila ya rasu a ƙasar nan cikin 1952.

Mu da muke riƙe da alli a makarantun ƙauye mun san nauyin wannan magana. Albashi kaɗan ne, birni kuwa ga shi kusa yana yafuto mu. Lokacin dashen shinkafa aji yakan rage saura rabi. A irin wannan rana zuciya takan raɗa wa malami, "Koyar da na gaban aji, ka bar sauran." Amma yaron da ke can baya, wanda bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ai shi ne gonar ƙarshen layi. In karatu bai kai gare shi ba, mun karɓi amana mun zubar a hanya.

Saboda haka, ko malanta Allah ya kira ku, ko jinya, ko noma, kada ku riƙe ta da hannu ɗaya kuna laluben wata da ɗayan. Taura biyu ba ta taunuwa. Ku yashe zukatanku kowace safiya da addu'a, ku gama aikin yau kafin ku yi zancen na gobe. Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.